Kifin Da Ya Mutu Sau Biyu

Wata huɗu ke nan ba a ambaci Dogo a gidan su Auta ba sai an bi sunan da tsaki.

Laifinsa ɗaya ne, kuma duk kasuwar kifi ta haddace shi. Dogo shi ne babban kuku a wani otal, shi yake duba duk kifin da za a gasa wa baƙi. Wata safiya aka kai masa kwali uku na farin kifi daga teburin wani dattijo. Ya buɗe, ya sunkuya, ya rufe. Bai aiki kowa ba, da kansa ya mayar da su har gaban teburin, ya ce cikin ladabi, "Baba, a yi haƙuri, wannan ba zai shiga kicin ɗina ba."

Bai san dattijon shi ne mahaifin yarinyar da yake shirin tura iyayensa gidansu ba. Sai da la'asar ya sani, da Auta ta kira shi tana kuka har ba ya gane abin da take faɗa.

Shekara arba'in Baba yana sayar da kifi, kuma abin taƙamarsa a duniya hancinsa ne. In gardama ta tashi a kasuwa, shi ake kawo wa kwali ya shinshina ya yanke hukunci, ba mai ƙara magana.

"Ni za a mayar wa da kifi?" in ji shi ranar, yana zagaye tsakar gida. "A gaban mutanen da ni na koya musu riƙe wuƙa? Kukun otal, ƙato guda da ƙyalle ɗaure a gaba. Ke Auta, ba zan miki dole a kan kowa ba, ke ba yarinya ba ce, malama ce da ɗalibanki. Amma wancan, ki cire shi daga ranki."

Ba ta cire shi ba. Ramewa ta yi.

Ana cikin haka Mai Ƙanƙara ya buɗe zuwa gidan. A gidan sanyinsa Baba yake sarin kifi. Mutum ne mai fara'a fiye da kima, irin wanda in ya gaishe ka sai ka ji kana son laluba aljihunka. Ya fara da zuwa ba wa Baba haƙuri, ya zarce da kawo wa Mama kayan marmari, kafin wata biyu ya fito fili ya ce Auta yake so. Ita kuwa ko ƙarar motarsa ta ji, sai ciwon kai ya kama ta.

Mama ce ta yi ta aikin lallashi, yau da nasiha, gobe da fushi, jibi da shiru. Shirun ne ya ci Baba. Wata Laraba suna karin kumallo, Mai Ƙanƙara na zaune a gefe yana yaba shayin da ko sukari bai ji ba, Baba ya ajiye kofi da ƙarfi.

"Tunda kun dame ni, ya zo ranar Asabar ya gasa min kifi a tsakar gidan nan. Ni zan ba shi kifin. In ya gasa na ci, zan saurare shi. In kuwa ya sake buɗe baki ya ce uffan a kan kifina, ko a hanya ya hango ni ya sauya layi."

Zuciyar Auta ta yi tsalle. Ba ta kai ga sauka ba Mai Ƙanƙara ya gyara zama.

"Baba, bar min maganar kifin," ya ce, yana murmushi. "Ni zan kawo. Na musamman."

Kuma Auta yake kallo lokacin da ya faɗa.

*

Ranar Juma'a da Auta ta tashi daga makaranta ba ta nufi gida ba. Ta zagaya bayan otal, ta tsaya a ƙofar da ake shigar da kayan miya, har Dogo ya fito yana goge hannu. Shi ma ya rame, hular kicin ɗin har ta yi masa yawa.

Ta gaya masa komai, tun daga sharaɗin Baba har murmushin Mai Ƙanƙara.

"Don Allah, Dogo, ko me aka ba ka, ka gasa."

"Ko da ya lalace?"

"Ba kai kake cewa botarka in ta ji tafarnuwa da ganye tana tayar da komai ba? Ka zuba da yawa. Ba wanda zai gane."

"Bota tana rufe wari, Auta, ba ta rufe ciwon ciki. Baba ne zai ci. Mama ce za ta ci. Ke ce za ki ci."

"Na yarda in kwanta asibiti sati guda."

"Ni ban yarda ba."

Hawayen da take riƙewa tun a mota suka zubo. "To ni ka zaɓa ko kifi?"

Ya jingina da bango. "Kar ki min wannan tambayar, don girman Allah. Wata huɗu ban san ɗanɗanon abin da nake dafawa ba. Jiya na zuba gishiri sau biyu a tukunya ɗaya, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyo. Amma in na ɗora wa mahaifinki abin da na san zai cuce shi don in same ki, wane irin miji kika samu?"

"Wanda nake so."

Ya ciro tsumman da ke kafaɗarsa zai miƙa mata, ya tuna albasa ya goge da shi, ya mayar. Duk da kukan sai da ta yi dariya.

"Ina da dabara," ta ce tana jan hanci. "Zan sayo mai kyau in ɓoye. In Baba ya tashi, ko na minti ɗaya ne, sai in musanya."

"In bai tashi ba fa?"

Ta share hawayenta, ta juya ta kama hanyar gida.

*

Asabar da sassafe Auta ta lulluɓe fuska ta shiga kasuwa ta ƙofar baya, ta je can ƙarshen layi wajen wata mata da ke kawo kamun ranar. Ta zaɓi fararen kifaye huɗu, idonsu garau, jikinsu tsam. Tun da aka haife ta ba ta taɓa sayen kifi a teburin da ba na Baba ba, ji ta yi kamar sata take yi. Ta zuba su a kula, ta cika da ƙanƙara, ta tura bayan tankin ruwa.

Ƙarfe goma sha biyu Mai Ƙanƙara ya iso, ya sha turare kamar an kifar masa da kwalbar. Ya sauke baho a rufe, ya ce an riga an narkar da kifin don a rage wa kuku wahala. Baba ya ja kujerarsa ya dasa ta a jikin bahon, ya zauna.

Mama ta kira shi ya sha ruwa a ɗaki, ya ce a kawo nan. Auta ta ce wayarsa tana ringi, ya ce mai kira ya sake kira. Mutumin da ba ya iya zaman minti biyar wuri ɗaya, yau ya zama gunki.

Dogo ya yi sallama da buhun gawayi a kafaɗa da kwando a hannu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Baba, Baba ya amsa da ka, shi ma rabi. Ya hura wuta a murhu, ya goge wayar gashi tas, ya bar gawayin ya ci har ya yi farin toka a sama.

Sai ya zaro wuƙa. Ya yanka ganyen faski da na ɗoɗɗoya ƙanana-ƙanana, ya daka tafarnuwa da gefen wuƙar, ya goga bayan lemon tsami, ya zuba duka a cikin botar da ta yi laushi, ya murza da cokali har ta koma kore-kore. Ya tsaga karas a tsaye, ya raba tattasai da albasa gida huɗu, ya juye ƙananan dankalin da ya riga ya tafasa, ya yayyafa musu mai da gishiri. Mama, wadda ta fito da niyyar ɗaure fuska, ta manta da niyyar, ta tsaya baki buɗe tana kallon hannunsa.

"Ba ado muka zo kallo ba," in ji Baba. "Ga kifi nan."

Dogo ya ɗaga murfin bahon.

Taku uku ne tsakanin Auta da bahon, amma sai da warin ya iso ta. Ba mai ƙarfi ba ne, wani tsami-tsami ne da ke laɓe a ƙarƙashin sanyi, wanda duk ɗiyar mai kifi ta san shi. Mama ta kau da kai kamar tana neman wani abu a bayanta. Mai Ƙanƙara ya hau danna waya.

A nan Auta ta gane tarkon. In Dogo ya yi magana, ya rasa ta. In ya yi shiru ya gasa, gidan ya kwana da ciwon ciki, a ce hannunsa ne.

Abin da ba ta gane ba shi ne Baba. Bahon yana ƙarƙashin haɓarsa, amma fuskarsa ko gezau.

Dogo ya ɗago kifi ɗaya. Idonsa ya dushe ya faɗa ciki, jan da ke ƙarƙashin kunnensa ya koma ruwan ƙasa. Ya mayar da shi a hankali, ya ajiye wuƙar. Ya dubi Auta, kallon mai neman gafara, ya juya wajen Baba, ya buɗe baki.

*

"Baba, kifin nan ya mutu sau biyu."

Ba Dogo ne ya faɗa ba. Auta ce, kuma ita kanta sai da ta ji muryar ta ba ta tsoro.

Baba ya juyo a hankali. "Me kika ce?"

Ta zube a gabansa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Ya narke ya kwana, aka sake daskarar da shi. Shi ka hana magana, Baba, ba ni ba. Ka yafe min, amma ba zan tsaya ina kallo ka ci wannan ba."

"Ni za ki gaya wa kifi? Ni?" Ya fizgo ɗaya, ya kai hanci, ya ja numfashi mai tsawo yadda ya saba yi a gaban 'yan kasuwa. "Lafiyarsa ƙalau."

Mama ta rufe baki da gefen mayafi, idanunta suka kawo ruwa.

"Baba," Auta ta ce a hankali, "ina 'yar shekara shida ka ɗora ni a kan benci ka kama yatsana. Ka ce ranar da mura ta toshe min hanci, in danna bayan kifi. In naman ya taso, mai kyau ne. Don Allah ka danna."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗora babban yatsa a bayan kifin, ya danna, ya ɗaga.

Ramin ya tsaya yadda yake. Ruwa ya taru a cikinsa.

Ya danna na biyu. Ya danna na uku. Hannun da ya shekara arba'in a kan kifi ba ya bukatar a fassara masa. Ya juya wajen Mai Ƙanƙara.

"Wannan ne na musamman ɗin?"

Fara'ar ta zame daga fuskar mutumin. Ya miƙe yana karkaɗa makullin mota. "Wallahi Baba kuskure ne, masu lodi ne suka haɗa min aiki. Ai wannan kwalin na kasuwa ne, ba na cin gida ba. Bari in koma yanzu in..."

"Na kasuwa."

"Ina nufin..."

"Na kasuwa, wato na teburina. Wato akwai wanda kake ware wa mutane, akwai wanda kake ware min." Baba bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. "Tun yaushe ka san ba na jin wari?"

Maganar ta daki Auta a ƙirji. Nan take abubuwa suka jeru mata: tsofaffin masu saye da suka daina tsayawa a teburin Baba, faɗan da ya daina yi in Mama ta cika turare a ɗaki, yadda yake tura abinci ya tashi ba yabo ba suka. Tausayinsa ya kama ta har ta manta da nata tsoron.

Mai Ƙanƙara ya kau da kai yana murza makullin motarsa.

"Ɗauki bahonka," in ji Baba. "Ka bi a hankali, kar ka zubar min da ruwansa a gida."

Ya ɗauka. Ruwan kuwa sai da ya zuba, amma a kan farin takalminsa. Har motar ta bar layin ba wanda ya ce a sauka lafiya.

Baba ya dubi yatsansa.

"Shekara biyu," ya ce. "Tun zazzaɓin nan. Na warke, hancin bai dawo ba. Na ce gobe, na ce jibi. In na daina shinshinawa na koma taɓawa, kasuwa za ta gane. Sai na ci gaba da shinshina iska, ina dogara da abin da wancan ya ce min. Ban gaya wa kowa ba."

"Ni na sani," in ji Mama tana share ido. "Tun ranar da tukunya ta ƙone ƙurmus kana zaune a bakin kicin kana sauraron rediyo. Na bar ka da sirrinka ne, ban san har cin ka ake yi da shi ba."

Ya dube ta, ya girgiza kai. Sai ya tuna da Dogo, wanda ke tsaye tun ɗazu kamar an shuka shi.

"Kai ba ka da baki ne?"

"Baba, kai ka ce kar in ce uffan."

Mama ta yi wata 'yar dariya ta haɗiye.

Baba ya ce, "Kwalin nan uku da ka mayar min. Haka suke?"

"Haka suke, Baba. Amma na yi kuskure. Da gefe na kira ka, mu biyu. Ban kyauta ba da na yi a gaban mutane, kuma tun ranar nake neman hanyar da zan ba ka haƙuri."

Baba ya yi ajiyar zuciya. Ya dubi gawayin da ya yi jajir, da korar botar, da kayan lambun da ke jira a tire.

"To ga wuta, ga kuku, babu kifi."

Auta ta miƙe sum-sum, ta zagaya bayan tanki, ta jawo kular.

Baba ya buɗe, ya danna da yatsa, naman ya taso ya cike gurbinsa. Ya harare ta. "Daga teburin wa?"

"Matar ƙarshen layi."

"'Yata ta cikina." Ya sake dannawa, kamar ba ya so. "Amma kin iya zaɓe."

Daga nan tsakar gidan ta zama ta Dogo. Ya kankare ɓawon, ya gyara cikin, ya tsane kowanne da tsabtataccen tsumma har ya bushe, ya yi masa tsaga uku-uku, ya shafe shi da mai da gishiri. Ya jera kayan lambun a gefen wayar, kifi uku a tsakiya. Fatar ta taɓa ƙarfe ta yi cuu.

"Juya shi mana," in ji Baba bayan ɗan lokaci.

"Bai sake ba tukuna, Baba. In ya gasu, da kansa zai saki wayar. In na matsa masa yanzu, fatar za ta tsaya a nan."

Da lokacin ya yi, ya zura faffaɗan cokali a ƙasa, kifin ya taso cak, fatar ta yi ruwan zuma. Ya ɗora botar a kai, ta narke ta bi tsagogin tana ɗiga a gawayi. Ƙanshi ya cika gidan har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko baƙi aka yi. Auta ta dubi Baba, wanda shi kaɗai ƙanshin bai kai wa ba, zuciyarta ta karye.

Ashe Dogo ma ya lura. Na Baba ya bar shi a wuta ya ɗan ƙara, har fatar ta yi ƙaras-ƙaras. Ya matse masa lemon tsami fiye da na kowa, ya barbaɗa barkono da gishiri mai tsakuwa, ya zaɓo masa albasar da ta fi gasuwa har ta yi zaƙi.

"In hanci ya tafi, harshe yana nan, Baba," ya ce yana ajiye farantin. "Tsami da yaji da zaƙi ba sa bi ta hanci."

Ya koma ya ɗora kifi na huɗu a wuta.

Baba ya gutsura da hannu. Farin naman ya rabu fala-fala yana tururi. Ya kai baki, fatar ta yi ƙara a haƙorinsa. Ya tauna, ya tsaya, ya ƙara gutsura. Ba wanda ya taɓa nasa farantin.

"Shekara biyu ina tauna auduga," ya ce. "Yau na ji abinci."

Ya cinye gefe ɗaya, ya ɗaga ƙayar ya ci ɗayan, ya bi dankalin ya share botar da shi. Sannan ya tsotse yatsa, ya yi gyaran murya, ya dubi bango.

"Ka gaya wa iyayenka ina gida Asabar mai zuwa. Na ba ka ita."

Auta ta kifa kai a cinyar Mama ta fashe da kuka, irin wanda ba ta taɓa sanin ana yin sa don daɗi ba. Wata huɗu na nauyi suka sauka daga ƙirjinta lokaci ɗaya.

Dogo kuwa ya daskare a gaban murhu, cokali a hannu, baki a buɗe. Babban kukun da ke ciyar da mutum ɗari biyu a rana bai ga hayaƙin da ke tashi a gabansa ba.

"Haba Malam," in ji Mama tana dariya, "ai da ka bari ya sauke kifin kafin ka faɗa."

Auta ta ɗago, hawaye da dariya a haɗe. "Dogo, yana ƙonewa."

Ya zabura ya ɗago shi, gefe ɗaya ya yi baƙi ƙirin. Ya tsaya riƙe da shi, kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai ɓoye.

Baba ya miƙo farantinsa.

"Ƙonewa ya yi? Ni ban ji ba. Zuba min nan, ɗana."